Kayan cikin but da sa'ar farko a bakin hanya

Duk wanda ya tsaya ya leƙa but ɗin motocin da ke lodi a tashar Unguwa Uku a Kano, ko ta Kawo a Kaduna, zai tarar da kaya kusan iri ɗaya. Akwai darduma a naɗe, da buta, da galan ɗin ruwan lagireto, da tsumman da baƙin mai ya rina, da jak, da sufanar kwance taya, da safaya can ƙasa an danne ta da buhuna. A gaban mota kuma ga caja, ga carbi rataye a madubi, ga kwalbar turare, ga takardun mota cikin leda. Sai abubuwa biyu da ba a cika taɓa su ba: 'yar jar tukunyar kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli wadda direbobi ke kira si-koshan. Kayan farko buƙatar yau da gobe ce ta kawo su, shi ya sa ake kula da su. Da wuya ka ga direban da cajarsa ta mutu da safe bai sake wata ba kafin la'asar. Biyun ƙarshe kuwa doka ce ta kawo su. In ka tambayi direba dalilin ajiye su, amsar da za ka fi ji ita ce saboda jami'an kan hanya. An saye su domin a nuna a shinge a wuce ba tare da tara ba, kuma da zarar an nuna, aikinsu ya ƙare a wurin mai motar.

Kayan gaggawa na mota aiki guda gare su, wato su riƙe mutane a sa'ar farko bayan mota ta lalace ko hatsari ya auku, lokacin da babu kowa a wurin sai direba da fasinjojinsa da duk wanda Allah ya kawo. Da wannan sa'a ya kamata a auna duk abin da ke cikin but, kuma in aka auna da ita, za a ga cewa da yawa daga kayan da muke ɗauka ba za su yi aiki ba, wasu ba mu san yadda ake amfani da su ba, wasu ma su ne hatsarin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗuran hanya, kuma babu abin da ya fi su kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ke kan gaba a yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali motocinta ba su kai na sauran nahiyoyi ba. Gudu da lalacewar hanyoyi da tsofaffin motoci duk suna da hannu a ciki, amma akwai kaso mai yawa da ya danganta da abin da ke faruwa bayan an yi karon. Najeriya tana da Hukumar Kiyaye Haɗura, FRSC, tun 1988, da lambar kiranta kyauta 122, ga kuma lambar gaggawa ta ƙasa 112, kuma ya dace kowane matafiyi ya haddace su. Sai dai hanyar Kano zuwa Maiduguri ta kusa kilomita 600, ta Damagaram zuwa Agadas ta haura 400, kuma a wurare da dama babu sabis balle a yi kiran. Ko kiran ya shiga, kafin motar asibiti ta iso an riga an yi abin da za a yi, mai kyau ko maras kyau.

A fara da safaya, tunda faci matsala ce da kowane mai mota zai gamu da ita ko ba jima ko ba daɗe. Yawancin safayun da ke motocinmu tsofaffin tayoyi ne da aka cire daga ƙafa saboda sun suɗe, aka ce a ajiye maganin wata rana. Ana jefa su a but a manta, iska tana zurarewa a hankali, har ranar da za a ciro a tarar ba komai a ciki. Roba kuma tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafin rana yana ƙara mata saurin tsufa. Shekarun taya a rubuce suke a jikinta, sai dai mutane kaɗan ne ke dubawa. A gefenta akwai jerin haruffa da lambobi da suka fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne lokacin da aka yi ta. In ka ga 2319, a mako na 23 na shekarar 2019 ta fito daga kamfani. Kamfanin Michelin yana cewa kada taya ta wuce shekara goma, har da safaya, ko da zanenta bai goge ba. FRSC kuwa wa'adin da take faɗa ya fi haka gajarta, shekara huɗu. Motoci 'yan Kwatano da yawa suna zuwa da wata siririyar safaya ta wucin gadi wadda aka rubuta a jikinta kada a wuce kilomita 80 a awa. An yi ta ne don ta kai mutum wurin mai faci, amma sai ka gan ta a ƙafar motar da ke shaƙe da mutane tana falfala gudu a babbar hanya mako da makonni. Ko safayar lafiyarta ƙalau, saura kwancewa. Notocin da mai faci ya ɗaure da injin iska, ko ya hau kan sufana ya taka da nauyinsa, ba sa kwantuwa da 'yar gajeriyar sufanar da ta zo da mota, sai an zura mata guntun bututun ƙarfe ya ƙara mata tsawo. Jak kuma nutsewa yake a yashi ko a taɓon damina in ba a shimfiɗa masa katako mai faɗi ba, mota kuma tana gangarawa ta faɗo daga kansa in ba a tokare wata tayar da weji ba. Babu mai tsada a cikin bututun da katakon da wejin. Amma wanda bai taɓa gwada sauya tayar motarsa a ƙofar gida ba, ba zai san yana buƙatarsu ba sai ya tsinci kansa a daji da magariba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Si-koshan ita ce abin da ya fi nuna bambancin mallakar kaya da sanin amfaninsa. Sau da yawa za ka ga mota ta mutu a kan kwalta, an ajiye alamar taku biyu a bayanta, ko an ɗora ta a kan but. Lissafi kaɗan zai nuna cewa wannan da babu duk ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Kafin direbanta ya hango, ya gane abin da ya hango, ya kai ƙafa birki, ta riga ta ci mita talatin ko arba'in. Kafin ta tsaya cak, jimillar ta kai mita 70 zuwa 100, shi ma a busasshiyar kwalta da birki mai kyau. Tirela mai lodin siminti ta fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa dokar hanya ta Birtaniya ta ce a ajiye alamar aƙalla mita 45 daga motar, a Jamus kuma ana koyar da kimanin mita 100 a hanyoyin bayan gari. In kuwa a kwana ko bayan tudu motar ta tsaya, alamar kafin kwanar ya kamata ta kasance. Abin lura shi ne, tsohuwar dabararmu ta jera rassan bishiya a kan titi ta fi dacewa da wannan lissafi, domin yaron mota yakan faro jerin tun daga nesa. Dabara ce mai kyau da rana, kuma bai kamata a raina ta ba. Da dare ne take gazawa, domin ganye ba ya mayar da hasken fitila, haka ma a hazon hunturu. Ga kuma mummunar ɗabi'ar barin rassan da duwatsun a kan kwalta bayan an gama gyara, su zama tarko ga mai babur. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a haɗa biyun, ganye da alama, duka daga nesa, a kuma kwashe su in an tashi. Wanda zai taka ya kai alamar shi ma yana buƙatar a gan shi, dalilin da ya sa Faransa ta wajabta rigar nan mai ƙyalli a kowace mota tun 2008. Tocila mai batirinta daban ita ma wajibi ce, don cajin waya na kira ne. Fasinjoji kuma su fita su koma can gefe, nesa da kwalta. Mutane da dama sun tsira daga lalacewar mota sannan wata motar ta kwashe su suna zaune a bayanta suna jiran gyara.

Tukunyar kashe gobara ma haka take. Ƙaramar mai kilo ɗaya da aka fi sayarwa tana ƙarewa a cikin sakan goma ko ƙasa da haka, don haka dama ɗaya ce tak. A wuyanta akwai agogo mai allura, in allurar ba ta kan kore, iskar da za ta turo garin ta gudu. Garin kansa yana dunƙulewa a ƙasan tukunyar saboda jijjigar hanya, shi ya sa ake son a riƙa juya ta ana girgizawa lokaci zuwa lokaci. Wadda aka binne ƙarƙashin buhunan masara a but kuwa, kafin a tono ta wuta ta ci gaban motar. Wurinta kusa da kujerar direba, a ɗaure. In hayaƙi ya taso daga inji, abu na farko shi ne a kashe mota a fitar da kowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne wangale bonet, iska ta shiga, wutar da ke ruruwa a hankali ta tashi lokaci guda. Ɗan ɗagawa kaɗan ake yi, a fesa a gindin wutar ta wannan kafa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake, yashi ya fi shi. In wutar ta riga ta kama jiki, a yi nesa, mota ba ta kai rai ba. Akwai kuma wani ɗan abu da ba a lissafa shi cikin kayan kashe gobara alhali yana cikinsu, wato fis. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Direban da fis ya mutu masa a hanya ba shi da wani, yakan naɗa siririyar waya a gurbinsa ya wuce, kuma daga ranar motar ta rasa abin da ke kare ta daga gobarar lantarki. 'Yan fis biyar a aljihun gaban mota sun isa su hana wannan.

Akwai kayan da cire su daga mota shi ne shirin. Babbansu jarkar fetur. Layin gidan mai ya koya wa mutane ɗaukar ta, tsadar da ta biyo bayan janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 ta ƙara, tunda kowa yana son ya saya inda ya fi sauƙi ya guje wa 'yan bumburutu. Yawanci jarkar man girki ce ta roba, an toshe bakinta da leda. Fetur yana fitar da tururi ko da sanyin asuba, kuma tururin ne ke kamawa. Ya fi iska nauyi, don haka yana kwanciya a ƙasan but yana taruwa, yana jiran tartsatsin wayar fitilar baya, ko sigari, ko motar da za ta daki bayan. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu bayan tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, ya nuna irin saurin da wannan tururi ke kamawa. Tanka ce a can, amma ɗabi'ar fetur ɗaya ce ko a jarkar lita ashirin. Gaskiya ne akwai hanyoyin da babu gidan mai na tsawon yini, musamman a arewacin Nijar, kuma a can ba makawa sai an ɗauki ƙari. To a ɗauka a jarkar ƙarfe da aka yi don mai, kada a cika ta fal, a kuma ɗaure ta a waje, nesa da inda mutane ke zaune. Zafi shi ma yana mayar da kayan alheri abin cutarwa. Wani bincike na jami'ar Stanford a Amurka a 2005 ya gano cewa cikin motar da aka rufe a rana yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 na Salshiyas a awa ɗaya, mafi yawansa a rabin awar farko. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafin waje ke haura digiri 40, cikin mota zai wuce 60 ke nan. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Insulin ɗin mai ciwon suga yana lalacewa a irin wannan zafi, laita da turaren feshi suna iya fashewa, batirin fawa-banki yana kumbura. Irin waɗannan wurinsu jakar da mutum ke fita da ita in ya faka mota.

Ruwa kuwa ba a taɓa yin tara a kansa ba, shi ya sa ba a ɗauke shi kayan gaggawa. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Motoci ne suka ɗauko su daga Arlit suka lalace a hanya, ƙishirwa ta kashe su, kuma da yawansu 'yan yankin Kantche ne a jihar Damagaram. Talauci ne ya fitar da su, kuma hanyar da aka bi da su ba ta kowa ba ce, don haka ba a ɗora musu laifi. Amma abin da ya same su yana nuna cewa a ƙasa mai zafi, duk motar da ta tsaya, matsalarta ta biyu ruwa ce. Ba sai a Sahara ba. Awa huɗu ana jiran bakanike da tsakar rana tsakanin Potiskum da Damaturu sun isa su galabaitar da jariri da mai shayarwa da tsoho. Galan ɗin da ke but yawanci tsohon galan ɗin baƙin mai ne, ruwansa na lagireto ne, ba ya shayuwa. Ruwa biyu ake buƙata, na inji da na mutane, kowanne a mazubinsa, tare da 'yan ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti. Shi ma na injin a yi hattara da shi. Ruwan da ke cikin lagireto mai zafi a matse yake, ya wuce tafasa, kuma buɗe murfin kafin inji ya huce ya sale fuskoki da hannaye masu yawa.

Duk waɗannan na motar da ta lalace ne. Inda giɓin ya fi girma shi ne ranar da aka ji wa mutum rauni. A motocinmu da wuya ka ga akwatin agajin gaggawa, in ma akwai, abin da ke ciki bai wuce farasitamol da man zafi ba. Abin da ake buƙata kuwa kaɗan ne: safar hannu ta roba, bandeji, ƙyallen rufe rauni mai tsabta, filasta da almakashi. Wankakken zane a cikin leda ma zai yi aiki. Jinin da ke tsartuwa daga babbar jijiya yana iya kashe mutum cikin minti biyar, kuma maganinsa a bakin hanya shi ne a ɗora ƙyalle a danne da ƙarfi, a ci gaba da dannewa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai ba tare da ɗaga na farkon don a leƙa ba. Abin da aka saba gani ya sha bamban da haka. Ana zuba wa rauni man birki ko baƙin mai ko ƙasa. Ana ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara, su bi ta maƙogwaro su shiga huhu. Ana fizgo mutum daga mota ta hannuwa da ƙafafu, kansa yana reto, a lanƙwasa shi a kujerar baya, alhali wataƙila ƙashin wuyansa ya tsage, kuma wannan ɗaukar ce za ta shanye masa jiki har abada. Duk masu yin haka da zuciya ɗaya suke yi. Jama'armu ba sa wuce hatsari, gudu suke zuwa su taimaka, kuma wannan arziki ne babba. Abin da aka hana su shi ne ilimin awa kaɗan: cewa wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa don kada harshe ko amai ya toshe masa hanyar iska, cewa a tallafe kai da wuya su tafi daidai da jiki in za a ɗaga shi, cewa ƙuna ruwa mai sanyi take so na minti ashirin, ban da ƙwai ko man goge baki.

An gwada ba da wannan ilimi, kuma an auna sakamakon, a ƙasar da yanayinta ya yi kama da namu. A Gana, likita Charles Mock da abokan aikinsa sun lura cewa mafi yawan waɗanda suka ji rauni direbobin haya ne ke kai su asibiti, sai suka koya wa direbobi 335 agajin gaggawa a darasin awa shida. Sakamakon da suka wallafa a 2002 ya nuna cewa a cikin waɗanda aka bibiya, tsayar da zubar jini ya tashi daga kashi 4 cikin ɗari zuwa 42, buɗe hanyar numfashi kuma daga kashi 2 zuwa 35. Ba a ba su motar asibiti ba, ba a ba su na'ura ba. A Jamus ma, inda kowace mota dole ta ɗauki akwatin agaji, ba a ba mutum lasisin tuƙi sai ya halarci darasin agajin gaggawa. Sun gane cewa akwatin shi kaɗai ba ya ɗaure rauni.

Za a ce ai talauci ne, mutumin da ke fafutukar kuɗin mai ina ya ga na sabuwar safaya. Akwai gaskiya a nan, domin taya ta yi tsada ƙwarai. Amma in aka cire ta da tukunyar kashe gobara, sauran kusan kyauta ne: katako, guntun bututu, weji, galan mai tsabta, zane, fis, bandeji. Duba iskar safaya a wurin mai faci kuɗin shayi ne. A motar haya kuma a ajiye nauyin inda ya dace. Direba sau da yawa ba shi ne mai motar ba, balas yake kaiwa kullum, kuma bai dace a ce shi zai sayi safaya daga abin da ya rage masa ba. Mai motar da ke karɓar balas, da ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a kowane lodi, su ne ya kamata su tabbatar motar ta cancanci ɗaukar 'ya'yan mutane. Wasu kuma za su ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, su nuna addu'ar tafiya da ke liƙe a gilashi. Babu musulmin da ke musun ƙaddara, kuma addu'ar matafiyi abu ne mai girma. Amma malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, suna kafa hujja da labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Direban da ya ɗauki rayuka goma sha takwas amana ya ɗauka, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. A shekarun nan, a hanyoyi irin ta Kaduna zuwa Birnin Gwari ko Funtuwa zuwa Gusau, tsayawar kanta ita ce hatsarin, kuma wanda ya ce ba zai tsaya yana jera alama a dajin da ake satar mutane ba yana da gaskiya. A irin wannan wuri gara a lallaɓa da tayar a haka, a yi asarar ta da ƙarfenta, har a kai ƙauye ko shingen jami'an tsaro. Amma in aka duba da kyau, rashin tsaro ƙara wa shiri daraja yake. Wanda safayarsa ke da iska, sufanarsa ke kwance noti, zai tashi cikin minti goma sha biyar. Wanda ba shi da su zai shafe awa uku a wurin yana jiran a kawo masa daga gari. A irin waɗannan hanyoyi ne waya mai caji, da layi biyu na kamfanoni daban, da sanar da wani a gida lokacin tashi da hanyar da za a bi suka zama kayan gaggawa su ma. Akwai kuma wani tsoron daban, na cewa in ka kai mai rauni asibiti za a riƙe ka, ko a ƙi karɓarsa sai da takardar 'yan sanda. Tsoron yana da tushe. Amma ya kamata a san cewa dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta karɓar ko da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Aiki da dokokin bai kai yadda ake so ba, amma wanda ya san da su ya fi ƙarfin tsayawa a ƙofar asibiti ya yi magana.

Saura masu cewa duk wannan aikin gwamnati ne, ta gyara hanyoyi ta kawo motocin asibiti. Haka ne, kuma babu abin da ke cikin but da zai ɗauke mata wannan nauyi. Sai dai akwai wani ɓangare na aikinta da bai buƙatar kasafin biliyoyi, wato sauya tambayar da ake yi. Muddin tambayar a shinge ita ce ko akwai tukunya, za a ci gaba da nuna tukunyar da babu komai a cikinta, domin mutane suna shirya wa tambayar da suka san za a yi musu ne. In ta koma ko allurar tana kan kore, ko safayar tana da iska, ko direban ya san nisan da zai kai alamar, kasuwa ma za ta bi. Wurin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne tasha, kafin a yi lodi, inda ƙungiyar direbobi ta NURTW ke da iko a kan kowace motar da za ta tashi, kuma inda gyara bai buƙatar sauke fasinja a daji. Masu koyarwa ma akwai su. Ƙungiyar Red Cross tana horar da agajin gaggawa, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ake gani a filin idi da wuraren wa'azi a kusan kowane gari. Lasisin tuƙi a Najeriya ana sabunta shi duk shekara uku ko biyar, kuma kowane direba sai ya bi ta wannan ƙofa. Darasin awa shida irin na Gana zai shiga nan ba tare da an kafa wata sabuwar hukuma ba, a fara da direbobin haya da na manyan motoci, tunda su ne ke kwana a hanya kuma su ne ke fara isa wurin hatsari.